Sarakunan da Suka Kauce Hanya a Littafi Mai Tsarki: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗanda suka rubuta littattafan Sama'ila, Sarakuna da Tarihi ba maroƙan fada ba ne. Ba sa yi wa sarki kirari. Za su gaya maka shekarunsa nawa da ya hau gadon sarauta, shekara nawa ya yi a kai, wani lokaci har sunan uwarsa, sai su yanke masa hukunci da magana ɗaya: ko ya yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji, ko ya yi mugunta. Ga tambayoyin da masu karatu suka fi yi a kan waɗannan mutane.

Sarakuna nawa ake magana a kansu, kuma nawa ne suka ɓata?

Uku ne suka mulki ƙasar tana dunƙule: Saul, Dawuda da Sulemanu. Bayan rasuwar Sulemanu, wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Almasihu, ƙasar ta rabu biyu. A arewa, wato Isra'ila, an yi sarakuna 19 kafin Assuriyawa su ci Samariya a shekara ta 722, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya fita da cikakkiyar shaidar kirki. Wani ma, Zimri, kwana bakwai kacal ya yi. A kudu, wato Yahuza, an yi sarakuna 19 daga zuriyar Dawuda, da mace ɗaya, Ataliya, wadda ta ƙwace mulki ta riƙe shekara shida, har Babila ta rushe Urushalima wajen shekara ta 586. Takwas ne aka ce sun yi daidai a kudun, su ma yawancinsu akwai "amma" a bayan yabon.

Me Saul ya yi da har Allah ya ƙi shi? Laifinsa kamar bai kai ya kawo ba.

Da farko dai Saul mutum ne mai kunya. Jakunan mahaifinsa Kish ya fita nema ya gamu da annabi Sama'ila, ran da kuma za a nuna shi ga jama'a sai da aka zaƙulo shi daga cikin kaya inda ya ɓuya, duk da ya fi kowa tsayi.

Laifinsa na farko a Gilgal ne. Filistiyawa sun taru, sojojinsa suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, Sama'ila da ya ce a jira shi kwana bakwai bai iso ba, sai Saul ya miƙa hadayar da kansa. Yana gamawa kuwa sai ga Sama'ila. Na biyu shi ne yaƙin Amalekawa a 1 Sama'ila 15. An ce masa kada ya bar komai, ya bar sarkinsu Agag da rai, ya kuma ware kyawawan tumaki da shanu. Kafin ma annabin ya cim masa, har ya tsaya a Karmel ya kafa wa kansa dutsen tunawa. Da suka haɗu, Saul ne ya fara magana, yana cewa ya cika umarnin Ubangiji. Sama'ila ya ce, to kukan tumakin nan da nake ji fa?

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin labarin. Ya ce mutane ne suka kwaso su. Ya ce ai don hadaya aka kawo su. Da ya ga babu mafita ya ce ya yi zunubi, amma a numfashi ɗaya ya roƙi Sama'ila ya dai girmama shi a gaban dattawa. Wato abin da ya dame shi kada a ga annabi ya juya masa baya a bainar jama'a. Daga nan gangara ce kawai: kishin Dawuda saboda waƙar da mata suka yi, kashe firistoci 85 na garin Nob a yini ɗaya, da zuwa wurin mai duba a Endor da dare cikin ɓad da kama, shi da ya kori masu duba daga ƙasar. Ya mutu a Dutsen Gilbowa, ya faɗi a kan takobinsa.

To ai abin da Dawuda ya yi ya fi muni. Me ya sa shi ba a ƙwace masa sarauta ba?

Ya fi muni kam, littafin bai ɓoye ba. Rundunarsa tana kewaye da Rabba ta Ammonawa, inda birnin Amman na Jodan yake a yau, shi yana gida. Ya hango Bat-sheba daga soro, ya tambaya aka gaya masa matar Uriya Bahitte ce, duk da haka ya aika aka kawo ta. Da ciki ya shiga sai ya kirawo mijin daga bakin daga don ya kwana a gida a lulluɓe maganar. Uriya ya ƙi, ya kwanta a ƙofar fada, ya ce ba zai je ya ci ya sha ya kwana da matarsa ba alhali 'yan'uwansa suna kwana a fili. Dawuda ya ba shi giya har ya bugu, bai je ba. Sai ya rubuta wa Yowab, shugaban sojojinsa, wasiƙa cewa a sa Uriya inda yaƙi ya fi zafi a janye a bar shi, ya kuma ba Uriyan wasiƙar ya kai da hannunsa. Wannan Uriya fa yana cikin jerin jarumawan Dawuda na musamman, sunansa ne ya rufe jerin a 2 Sama'ila 23.

Bambancin ya fito ne ran da annabi Natan ya shigo da labarin attajirin da ya yanka wa baƙonsa 'yar tunkiya ɗaya tilo ta maƙwabcinsa matalauci. Dawuda ya fusata ya ce mai wannan aiki ya cancanci mutuwa. Natan ya ce, kai ne. A lokacin Dawuda yana da ikon da zai sa a fitar da Natan a yi masa abin da aka yi wa Uriya. Bai yi ba. Bai ce shaiɗan ne ba, bai ce laifin matar ne ba, ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi. Zabura 51 tana ɗauke da addu'ar tubansa.

Kada dai a ɗauka ya sha ke nan. Jaririn ya mutu a rana ta bakwai, Amnon ɗan Dawuda ya yi wa ƙanwarsa Tamar fyaɗe, ɗan'uwansu Absalom ya kashe Amnon, daga baya ya kori uban daga Urushalima ba takalmi a ƙafarsa. Har a farkon Bisharar Matiyu, inda ake jera asalin Yesu, ba a kira uwar Sulemanu da sunanta ba, sai aka ce wadda dā matar Uriya ce.

Maƙwabcina Musulmi ya ce ba daidai ba ne a faɗi irin wannan a kan Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu. Ina gaskiyar take?

Wannan saɓani ne na gaske tsakanin addinan biyu, gara a san shi da a yi kamar babu. A Musulunci su biyun annabawa ne, kuma annabawa ma'asumai ne, an tsare su daga manyan zunubai. Alƙur'ani a Suratul Baƙara aya ta 102 ya ce Sulaimanu bai kafirta ba. A Suratu Sad akwai labarin masu husuma biyu da suka shigo wa Dawuda, ɗaya mai tumaki 99 ɗaya mai guda, har Dawuda ya nemi gafara, amma malamai da yawa ba su yarda a haɗa shi da maganar matar wani ba. Saul kuma shi ne ake ɗauka Ɗalutu, wanda ya jarraba rundunarsa da ƙorama.

Kiristoci suna girmama Dawuda ƙwarai, suna rera Zaburarsa kullum, amma a koyarwarsu Yesu kaɗai ne marar zunubi, don haka ba su ganin faɗin laifin Dawuda a matsayin cin mutuncinsa. Idan za ka ba maƙwabcinka labarin, ka ce masa haka Littafi Mai Tsarki ya faɗa, ka kuma san cewa kunnensa ba zai ji shi yadda naka ya ji ba.

Sulemanu fa? Mata ne suka ɓatar da shi, ko ba haka ba?

Haka aka fi faɗa a wa'azi, akwai kuma dalili. 1 Sarakuna 11 ta ce yana da mata 700 'ya'yan sarakuna da ƙwaraƙwarai 300, da ya tsufa suka karkatar da zuciyarsa. Ya gina wa Kemosh gunkin Mowabawa da Molek na Ammonawa wuraren tsafi a kan tudun da ke gabas da Urushalima, yana fuskantar haikalin da shi da kansa ya gina. Wuraren nan sun tsaya shekara kusan 300, sai zamanin Yosiya aka rushe su.

Sai dai wanda ya tsaya a kan matan kaɗai ya tsallake surori biyu. A Maimaitawar Shari'a 17 an gindaya wa duk sarkin Isra'ila sharuɗɗa uku: kada ya tara dawakai, musamman daga Masar, kada ya tara mata, kada ya tara azurfa da zinariya. Ka duba 1 Sarakuna 10. Zinariyar da ke shigo masa a shekara talanti 666 ce, wato sama da tan 20. Karusansa 1,400, dawakansa daga Masar ake kawo su. Marubucin yana lissafa waɗannan kamar yabo, amma duk wanda ya san Shari'a ya san ƙidayar laifi ake yi. Haikali ya ci shekara bakwai, gidan sarki ya ci goma sha uku. Mutum 30,000 ya ɗiba aikin tilas a Lebanon, wata ɗaya can, wata biyu gida. Aurarrakin su ma yawanci siyasa ce, kowace gimbiya yarjejeniya ce da ubanta, ba ta kuma zuwa sai da allahn garinsu.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne, a duk labarin mulkinsa ba a ga wani annabi ya shiga fada ya tsawata masa ba, yadda Sama'ila ya yi wa Saul, Natan ya yi wa Dawuda. Daga ko'ina zuwa ake yi a ji hikimarsa. Wa zai gyara wa mutumin da duniya ta yarda ya fi kowa sani?

Ya tuba kafin ya mutu?

Littafin Sarakuna bai faɗa ba. Masu cewa ya tuba suna dogara ne da littafin Mai Hadishi, wanda al'ada ta jingina masa, inda tsohon sarki yake cewa ya gwada komai ya tarar banza ne. Wannan fahimta ce ta masu sharhi, ba ayar da ta ce ya rushe ko bagade ɗaya.

Wa ya raba ƙasar, Rehobowam ko Yerobowam?

Kowa da rabonsa. Jama'a suka zo Shekem suka ce wa Rehobowam ɗan Sulemanu ya rage musu nauyin da ubansa ya ɗora musu, su bi shi. Ya nemi kwana uku. Dattawan da suka yi wa Sulemanu aiki suka ce ya sassauta. Abokan tasowarsa suka ce ya gaya musu ɗan ƙaramin yatsansa ya fi ƙugun ubansa kauri, uban ya yi musu da bulala, shi da kunamai zai yi. Ya ɗauki ta abokan. Kada a ce ƙuruciya ce, shekararsa 41. Kabilu goma suka tafi, da ya aika shugaban aikin tilas ya lallashe su, shi ne fa wanda suka fi tsana, suka jefe shi har lahira.

Yerobowam kuma an ba shi kabilu goma a hannu, annabi Ahija ya yayyaga sabuwar riga gida goma sha biyu ya miƙa masa goma, da alkawarin gidansa zai dawwama in ya yi biyayya. Tsoro ya hana shi. Ya ce in mutane suka ci gaba da zuwa Urushalima yin hadaya, wata rana zuciyarsu za ta koma can su kashe shi. Sai ya ƙera 'yan maruƙa biyu na zinariya, ɗaya a Betel ɗaya a Dan, ya naɗa firistocin da ba Lawiyawa ba, ya ƙirƙiro idi a wata na takwas. Wai don ya hutar da su doguwar tafiya. Tun daga nan kusan duk sarkin arewa da aka ambata sai an ce ya bi zunubin Yerobowam ɗan Nebat.

Ahab ne mugu ko matarsa Yezebel?

Yezebel 'yar Etba'al sarkin Sidoniyawa ita ta tsaya wa bautar Ba'al, ita ta karkashe annabawan Ubangiji. Amma labarin gonar Nabot ya nuna yadda aikin ya rabu a tsakaninsu. Ahab yana son gonar inabin da ke jikin fadarsa a Yezreyel don ya yi lambu. Ya yi tayi mai kyau, kuɗi ko wata gonar da ta fi. Nabot ya ce Allah ya sawwaƙe ya sayar da gadon kakanninsa, Shari'a kuma tana bayansa. Sarki guda ya koma gida ya kwanta, ya juya fuska, ya ƙi cin abinci.

Yezebel ta ce masa, ashe kai ne sarkin Isra'ila? Ta rubuta wasiƙu da sunansa, ta buga hatiminsa. Ba ta aika 'yan ina-da-kisa ba, ta bi ta hanyar shari'a: a yi shelar azumi, a zaunar da Nabot a gaba, a samo shaidu biyu su ce ya zagi Allah da sarki. Dattawan garinsu Nabot, waɗanda suka san shi tun yana yaro, suka aiwatar ba musu. Daga 2 Sarakuna 9 mun ji har 'ya'yansa aka kashe, don kada a bar mai gado. Ahab bai tambayi yadda aka yi ba, ya tashi ya tafi karɓar gona. Can annabi Iliya ya same shi, kuma Ahab aka tuhuma da kisan, ba a ce matarka ba.

Ya yi nadama a lokacin, ya sa tsummoki ya yi azumi, har aka ɗage masa hukunci. Amma halinsa da masu faɗa masa gaskiya bai sauya ba. Yana da annabawa kusan 400 masu ce masa je ka, nasara taka ce, da Mikaiya ɗaya wanda Ahab ya ce ya ƙi jininsa domin bai taɓa yi masa annabcin alheri ba. Ya sa aka kulle Mikaiya, ya shiga yaƙin Ramot-gileyad cikin ɓad da kama, wani soja ya harba kibiya haka kawai ta same shi a mahaɗin sulke.

Akwai waɗanda suka fara da kyau suka ƙare da muni?

Su ne ma suka fi ban tsoro, 2 Tarihi kuma ta fi ba da labarinsu.

Asa ya share gumaka har ya tuɓe Ma'aka daga matsayin uwar sarki saboda gunkinta. Bayan shekara 35 yana mulki, da Ba'asha na Isra'ila ya matsa masa, sai ya kwashi azurfa da zinariyar haikali ya sayi taimakon Ben-hadad na Dimashƙu. Dabarar ta ci. Hanani mai gani ya zo ya ce ka dogara ga mutum ka bar Allah, Asa ya sa shi a mari, ya kuma fara gallaza wa talakawa.

Yowash jariri ne da gwaggonsa ta sace shi daga hannun Ataliya, aka ɓoye shi shekara shida a haikali. Ya hau yana ɗan shekara bakwai, ya gyara haikalin da kuɗin da ake zubawa a akwati mai huda a murfi. Duk wannan Yehoyada firist yana raye. Da tsohon ya rasu sai manyan Yahuza suka zo suna faɗuwa suna gaisuwa, sarki ya bi su. Zakariya, ɗan Yehoyada mutumin da ya raine shi, ya tsawata, Yowash ya sa aka jefe shi a farfajiyar haikalin da aka ɓoye shi a ciki. Bayinsa ne suka kashe shi a kan gadonsa. An binne Yehoyada tare da sarakuna, shi Yowash ba a sa shi a kabarin sarakuna ba.

Uzziya ya yi shekara 52, ya gina hasumiyoyi, ya haƙa rijiyoyi, mutum ne mai son noma. Littafin ya ce an taimake shi har ya yi ƙarfi, da ya yi ƙarfi sai giyar mulki ta ɗebe shi. Ya shiga haikali zai ƙona turare, aikin firistoci. Azariya da firistoci 80 suka tare shi, ya hasala da farantin turaren a hannunsa, nan take kuturta ta fito masa a goshi. Ya ƙare rayuwarsa a keɓe, ɗansa Yotam yana riƙe da fada.

Su ukun, ba abokin gaba ne ya kā da su ba, kuma ba wanda ya faɗi ba tare da an aiko masa mai gargaɗi ba. Ɗaya ya kulle nasa, ɗaya ya kashe, ɗaya ya yi faɗa da su.

Akwai wanda ya yi nisa ƙwarai sannan ya dawo?

Manassa ɗan Hezekiya. Ya fi kowa daɗewa, shekara 55. Ya kafa gunki a cikin haikali, ya ƙona ɗansa hadaya, ya cika Urushalima da jinin marasa laifi. 2 Sarakuna 21 ta tsaya nan, har ta ɗora masa alhakin rushewar birnin. 2 Tarihi 33 ta ƙara da cewa Assuriyawa sun kama shi da ƙugiya suka kai shi Babila a ɗaure, can ya ƙasƙantar da kansa, Allah ya ji shi ya komo da shi, ya fitar da gumakan. Ya gyara abin da zai iya. Ɗansa Amon, da ya tashi a cikin tsohon halin, bai bi shi tuban ba, shekara biyu ya yi aka kashe shi.

Ban da sarakuna fa?

A littafin Mahukunta akwai Gidiyon, wanda ya ci Madayanawa da mutum 300, aka ce ya zama sarki ya ƙi, sannan ya karɓi 'yan kunnen zinariya na ganima ya yi falmaran da ta zama abin bauta a garinsu. Akwai Samson, keɓaɓɓe tun daga ciki, wanda ya yi ta wasa da alkawarinsa har Delila ta samo asirinsa. Da aka aske shi ya farka yana cewa zai fita ya girgije kamar kullum, bai san Ubangiji ya rabu da shi ba. Duk da haka Ibraniyawa 11 ta sa sunayen su biyun cikin masu bangaskiya.

Waɗannan mutane sun taɓa rayuwa kuwa, ko tatsuniya ce?

Da yawansu sunayensu sun fito a rubuce-rubucen maƙwabtansu. Dutsen da Shalmanesar na uku na Assuriya ya kafa ya lissafa Ahab cikin sarakunan da suka yaƙe shi a Karkar a shekara ta 853 kafin haihuwar Almasihu, da karusai 2,000 da sojoji 10,000. Dutsen Mesha sarkin Mowab, da aka gano a 1868, ya ambaci Omri uban Ahab. A 1993 an tono wani ɓallin dutse a Tel Dan mai ɗauke da kalmomin "gidan Dawuda". Manassa yana cikin jerin masu kai wa Esarhaddon sarkin Assuriya kaya. Waɗannan suna tabbatar da mutanen da zamaninsu. Hukuncin da aka yanke musu kuwa na littafin ne: a idon Assuriyawa Ahab babban sarki ne mai karusai, Littafi Mai Tsarki ko ambatar yaƙin Karkar bai yi ba, ya ba gonar Nabot sura guda.

A Sabon Alkawari wa za a ce ya kauce?

Yahuza Iskariyoti ne kowa ya sani. Shi ke riƙe da jakar kuɗin almajirai, Bisharar Yahaya ta ce dā ma yana taɓawa, kafin a zo kan azurfa 30. A daren da ya ba da Yesu, Bitrus shi ma ya yi musun saninsa sau uku, har da rantsuwa. Su biyun duk sun yi baƙin ciki. Yahuza ya mayar wa manyan firistoci kuɗinsu yana cewa ya ci amanar marar laifi, suka ce ina ruwanmu, ya je ya rataye kansa. Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi, ya koma cikin 'yan'uwansa, can aka same shi da safiyar tashin Yesu. Hananiya da matarsa Safiratu kuma sun sayar da fili suka ɓoye wani kaso, suka ce duka ke nan, alhali ba wanda ya tilasta musu sayarwa.

Akwai wani da ba a cika ambata ba, Dimas. A wasiƙar Kolosiyawa da ta Filimon yana tare da Bulus, yana aika gaisuwa, an kira shi abokin aiki. A 2 Timoti 4 Bulus yana kurkuku ya rubuta cewa Dimas ya yashe shi saboda ƙaunar duniyar nan, ya tafi Tasalonika. Ba a sake jin labarinsa ba. A ayar da ke biye Bulus ya ce wa Timoti ya taho da Markus domin yana da amfani a gare shi. Wannan Markus shi ne ya bar su a Bamfiliya a tafiyarsu ta farko ya koma Urushalima, har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa.